Ƙasar Da Kogi Ke Ɗauka: Daga Gurara Zuwa Lakwaja, Ina Take Sauka?

'Yan uwa mazauna Kudu, daga unguwar Sabo ta Ibadan zuwa Agege, daga Lokpanta zuwa Amansea, yawancinmu ba ma tunawa da Kogin Neja sai ranar da ya tare mana hanya. Ranar ce waya ke ɗaukar zafi. A ce ruwa ya hau titi a Koton Ƙarfe, a ce tireloli sun yi layi ba a ganin ƙarshensu, a ce kayan gwari sun ruɓe a mota. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wasu su ce Kamaru ce ta saki dam ɗin Lagdo, wasu su ce ruwan saman bana ne ya yi yawa. Duka biyun suna da gaskiya. Amma akwai abu na uku da ba a cika faɗa ba, wato ƙasar da kogin yake tafe da ita a cikinsa.

Ni ɗan Kwali ne, a Babban Birnin Tarayya. Mahaifina fataucin shanu yake yi, saboda haka cinmu da shanmu yana rataye ne da titin nan da ya bi ta Gwagwalada, Kwali, Yangoji, Dangara, Abaji, ya haye Gadar Murtala a Jamata, ya shiga Lakwaja. Wanda abincinsa ke bin hanya, dole ya san abin da ke rufe hanyar. Abin da nake so mu fahimta a wannan rubutu guda ɗaya ne: ƙasar da ruwa ya kwashe ba ta ɓacewa, wuri kawai take sakewa. Ta bar gonar wani, ta je ta kwanta a dam ɗin wani, ko ta cike kogin da ke ƙarƙashin gadar da dukanmu muke bi.

Mene ne wannan jan da ke cikin ruwa?

Ka ɗebi ruwan Gurara a gora cikin watan Agusta, ka ajiye shi a inuwa, kada ka girgiza. Kafin ka juya baya za ka ga yashi ya zauna a gindi. Bayan awa ɗaya ko biyu, wata laka mai laushi kamar gari za ta kwanta a kan yashin. Amma ruwan ba zai washe ba. Zai iya kwana biyu ko uku da sauran dishi-dishi, domin akwai wani abu da ya fi lakar ma laushi, shi ne yumɓu. Mu mutanen Kwali ba baƙon yumɓu ba ne, tunda garinmu da tukwane aka san shi, kuma 'yar garin ce Ladi Kwali da hotonta ke bayan naira ashirin.

To abubuwan nan uku su ne kayan da kowane kogi ke dako. Tsakuwa da yashi masu nauyi ne, mirginawa suke yi a gindin kogi suna tsalle kaɗan-kaɗan. Laka da yumɓu kuwa a cikin ruwan suke shawagi, su ne ke ba shi launi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ruwa mai gudu ɗan dako ne mai ƙarfi. Da zarar ya rage gudu sai ya fara sauke kaya, masu nauyi da farko, marasa nauyi daga baya. Shi ya sa in ka lura da kwanar kogi, gefen waje inda ruwa ke bugawa kullum gaɓa ce tsaye tana zubewa, gefen ciki kuma inda ruwa ke sanyi sai yashi ya taru. Mai gona a wannan gefe yana asarar kunya biyu ko uku duk shekara, na wancan gefen gonarsa na ƙaruwa ba tare da ya sayi ko taku ɗaya ba. Rigingimun iyakar gona da yawa a bakin kogi daga nan suke tasowa.

Daga ina take fitowa?

Daga gonakinmu da unguwanninmu. Ɗigon ruwan sama in ya faɗo a kan ciyawa ko ganye, ƙarfinsa ya mutu. In ya faɗo a kan ƙasa tsirara, sai ya farfasa ta, ruwan da ke gangarowa ya kwashe. Shi ya sa ruwan farkon damina ya fi kowane ruwa datti, domin ya tarar da ƙasa an ƙone ta, an share ta, rani ya busar da ita.

A yankinmu abubuwan da ke tsiraita ƙasa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai saran itace don gawayi, wanda duk mai bin titin nan yana ganin buhunansa jere a bakin hanya. Akwai noma a jikin gangare, a ja kunya daga sama zuwa ƙasa, sai kowace kunya ta zama magudana. Akwai mashayar dabbobi, inda garke bayan garke ke sauka ta wuri ɗaya har kofato ya niƙe gaɓar kogi, damina na zuwa wurin ya zama bakin kwazazzabo. Sannan ga gine-ginen Abuja. Duk filin da katafila ta share don rukunin gidaje ko sabon titi, jan ƙasarsa a buɗe take har sai an gama aikin.

Yanzu ku bi hanyar ruwan da ni. Kogin Usuma ya ratso ta Gwagwalada ya faɗa Gurara. Gurara kuma ta taso daga kudancin Jihar Kaduna, ta zubo a shahararren magangarin nan da ke Jihar Neja, ta ratsa yammacin Babban Birnin Tarayya, ta je ta shiga Kogin Neja ba da nisa da Koton Ƙarfe ba. Daga Kwali zuwa mahaɗar babu wani babban dam da zai tare komai. Kenan ƙasar da aka share a Abuja, da wadda ta zaizaye a gonakinmu, hanyarta a buɗe take zuwa daidai wurin da ruwa ya saba yanke mana titi.

Farin ruwa da baƙin ruwa

Kogin Neja ya kai tsawon kusan kilomita 4,200. Ya taso daga tsaunukan Gini, ya bi ta Mali da Nijar da iyakar Benin kafin ya shigo Najeriya. Duk da girman nan, lakarsa kaɗan ce in aka kwatanta da ta Kogin Nilu. Dalili biyu ne. Na ɗaya, duwatsun da ya taso daga cikinsu tsofaffi ne masu tauri. Na biyu, a tsakiyar Mali, wajen Mopti, kogin yana bazuwa cikin wata makekiyar fadama, ya rage gudu, ya sauke yawancin kayansa a can.

Shi ya sa a yankin Yawuri da Kainji ambaliya biyu ake gani a shekara. Ta farko tana zuwa ne wajen Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman da aka yi a kusa, irin wanda Gulbin Sakkwato da Rima ke kawowa. Wannan ruwa cike yake da yumɓu, ya yi fari-fari, shi ake kira farin ruwa. Ta biyu kuma ruwan da aka yi ne a Gini, wanda ya ɗauki watanni yana tafiya, ba ya isowa sai cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Fadamar Mali ta riga ta tace shi, ya zo garau har ya yi duhu, shi ake kira baƙin ruwa. Kogi ɗaya, kaya iri biyu.

Binuwai kuwa halinta daban. Ta taso daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, tsawonta kusan kilomita 1,400, tana karɓar Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala. Ba ta da wata babbar fadama irin ta Mali da za ta tace ta, kuma daminarta lokaci ɗaya take sauka. Saboda haka tana isowa Lakwaja da kaya niƙi-niƙi. Wanda ya taɓa hawa Dutsen Patti ya leƙa mahaɗar, ya san ruwan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowane da launinsa, kafin su gauraya.

Laka ba abokiyar gaba ba ce

Kada wani ya ɗauka lakar nan sharri ce zalla. Ita ce uwar fadama. Duk shekarar da kogi ya cika ya bazu, in ya janye sai ya bar sabuwar laka a shimfiɗe, taki ne da ba a saya ba. Shinkafar ƙasar Nufe, albasar Yawuri, raken bakin rafi, da kayan lambun da ake lodawa zuwa kasuwannin Kudu, duk albarkar wannan laka ce a asali.

Mu masu harkar shanu mun fi kowa sanin haka. In rani ya tsananta, tudu ya bushe ƙayau, ina garke ke nufa? Fadama. A can ne danshi ke daɗewa, ciyawa ta tsaya kore har bazara. A fadamar Mali akwai ciyawar da Fulanin can ke kira burgu, wadda ke tsirowa cikin ambaliya, in ruwa ya janye dubban shanu su sauka kanta. San da ya yi rani a fadama da wanda ya yi rani a tudu, dillali ba ya buƙatar tambaya, ido kaɗai ya ishe shi.

Ƙasar Masar gaba ɗaya a kan laka aka gina ta. Shekaru dubbai Kogin Nilu yana kwaso ƙasa daga tsaunukan Habasha, sama da tan miliyan 100 a shekara, yana shimfiɗa wani kaso a gonakin Misirawa, sauran ya kai bakin teku. Haka nan yankin Neja Delta, inda 'yan uwanmu da yawa ke neman abinci a Warri da Fatakwal da Yenagoa. Ƙasar da suke takawa lakar Neja da Binuwai ce da ta taru tsawon zamani. Matsala tana farawa ne in lakar ta yi yawa fiye da kima, ko kuma in ta sauka inda ba a bukatarta.

In laka ta haɗu da dam

Ku tuna ƙa'idarmu: ruwa ya rage gudu, ya sauke kaya. To babu inda ruwa ke rage gudu kamar bayan dam. Kogi na shigowa tafkin, yashi ya zube tun daga baki. Laka ta ƙara gaba ta kwanta. Yumɓu ya lallaɓa har gindin bango. Ruwa zai fita ta injin lantarki ko ta ƙofa, amma yawancin kayan sun zauna kenan.

Injiniyoyi sun san da haka, shi ya sa suke ware wani zurfi a ƙasan kowane dam don laka ta zauna. Sai dai lissafin an yi shi ne da yanayin dajin lokacin da aka gina. In daga baya aka sare dajin, aka nome gangaren, lakar da aka yi zaton za ta taru a shekara ɗari sai ta taru a ƙasa da haka. Kuma ciwo ne da ba a gani. Daga sama tafki yana nan shimfiɗe kamar jiya, alhali cikinsa ya zama kamar randar da aka zuba wa yashi har rabi. Bakinta a cike, amma ruwan da ke ciki ba zai kai ka ko'ina ba.

Illar ta kasu uku. Da rani ruwa ya ƙare da wuri, manoman rani da masu famfo su shiga uku. Da damina dam ya cika da wuri, dole a buɗe ƙofofi, na ƙasa su sha ambaliya. Sannan yashin da ya kai ga injin lantarki yana cin fukafukansa kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa.

Yawancin manyan madatsunmu sun manyanta. Kainji an gama ta a 1968, aka tashi mutane kusan 44,000, tsohon garin Bussa ya nutse, aka gina Sabuwar Bussa. Jebba ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990. Kainji megawat 760 aka tsara mata, Jebba 578, Shiroro 600. Wutar da ke juya injin niƙa a Sabo da firjin mahauta a Agege, wani kasonta daga ruwan nan yake fitowa. Nan kusa da mu kuma akwai dam ɗin Gurara a Jihar Kaduna, mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 880, wanda aka ja masa bututu na kusan kilomita 75 zuwa dam ɗin Usuma da ke Ushafa, inda Abuja ke shan ruwa. Kowane ɗayansu yana karɓar kasonsa na laka duk damina.

Mun riga mun ga alama a Sakkwato. A farkon 2018 ruwan dam ɗin Goronyo da ke kan Gulbin Rima ya ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin 100, kuma hukumomi suka ambaci ƙarancin ruwan sama da taruwar laka. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Wani bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a farkon 2023 ya yi ƙiyasin cewa nan da 2050 manyan madatsun duniya za su rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wurin ajiyar ruwansu saboda laka.

Misali mafi tsanani yana ƙasar Sin. Kogin Huang He, wato Rawayan Kogi, a da yana ɗaukar laka kusan tan biliyan 1.6 a shekara. A 1960 aka gama dam ɗin Sanmenxia a kansa. Cikin 'yan shekaru kaɗan laka ta cike babban ɓangaren tafkin, ruwa ya fara komawa baya yana barazana ga garuruwan sama, sai da aka koma aka huda ƙofofi a ƙasan bangon don lakar ta sami hanyar wucewa. Bayan fashewar dam ɗin Alau a Satumban 2024, wadda ta nutsar da babban ɓangaren Maiduguri, kowa ya koma tambayar lafiyar bangon dam. Tambaya ce mai kyau. Amma ya kamata a haɗa da ta biyu: cikin nasa fa, nawa ya rage?

Abin da ke faruwa a ƙasan dam

Ruwan da ya fito daga dam ya baro kayansa a baya, ga ƙarfi amma ba kaya. Masana na ce masa ruwa mai yunwa. Abin da ya tarar a gaba shi zai ci, ya ƙwaƙule gindin kogi, ya ci gaɓa, ya tone ƙafar gada. Fadamar da ta saba samun sabuwar laka duk shekara kuma sai ta daina samu, manomi ya koma sayen takin zamani a wurin da kakansa bai taɓa zuba ko mudu ɗaya ba.

Haka ta faru a Masar bayan an gama babban dam ɗin Aswan a 1970. Sun sami lantarki, sun huta da ambaliya, sun sami noman rani. Amma lakar Habasha ta koma kwanciya a Tafkin Nasser, gonaki suka dogara da takin buhu, teku kuma ta fara cin gaɓa a wajen Rashid. A Gana ma, bayan an gina Akosombo a kan Kogin Bolta a 1965, yashin da ke isa bakin teku ya ragu, abin da ya ƙara tsananta cin da teku ke yi wa garin Keta.

A Arewa kuma salon ya bambanta. Bayan Tiga a 1974 da Challawa a 1992, Kogin Haɗeja ya daina yin cikar nan mai ƙarfi da ke wanke hanyarsa, ya kuma daina bushewa sarai da rani. Ruwa ya koma tafiya a hankali shekara duka. Laka ta kwanta, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ita kuma kachalar ta ƙara tare wata lakar. Hanyoyin ruwa suka toshe a fadamar Haɗeja da Nguru, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, makiyaya da masunta da manoma duk suka ji a jikinsu.

Kogin da cikinsa ya cike

Mu dawo kan titinmu. Kogi kamar kwata ne. In yashi ya cike kwata, ruwan da a da yake wucewa salin-alin sai ya hau titi. Tsakanin Baro da Lakwaja, da kuma daga Lakwaja zuwa Idah da Anacha, duk wanda ya bi da rani ya ga tsibiran yashi a tsakiyar ruwa, wasu har an yi bukkoki a kai. Ba yashin ne ke kawo ambaliya ba, ruwan sama ne da sakin dam. Amma shi ke rage wa kogi wurin da zai ajiye ruwan in ya zo.

A Satumban 2012 ruwa ya yanke titin Abuja zuwa Lakwaja. A wannan shekara hukumar NEMA ta ce mutum 363 suka rasu a faɗin ƙasa, sama da miliyan biyu suka bar gidajensu. A Oktoban 2022 aka maimaita a Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye, har man fetur ya yanke a Abuja saboda tankoki sun kasa wucewa. A wannan karo waɗanda suka rasu a ƙasa baki ɗaya sun haura 600.

Wanda ba ya harkar dabbobi ba zai gane abin da tsayuwar kwana uku ke nufi ga tirelar shanu ba. Siminti zai jira. Shanu ba sa jira. A tsaye suke a matse, ba ci ba sha, ga rana ga zafin ƙarfe. Wanda ya faɗi, 'yan uwansa za su tattake shi. Yaran mota su shiga neman ruwa da ciyawa a wurin da kowa ke nema, farashi ya ninka. Wanda ya galabaita dole a yanka shi a bakin hanya a sayar da naman yadda ta kama. Waɗanda suka isa kara kuma sun zube, mahauci ya taya su da kuɗin da bai kai na saye ba. Mai shanu ya yi asara, dillali bai sami la'ada ba, mai suya a Inugu ya sayi nama da tsada. Kun ga yadda yashin gindin kogi ya shiga aljihun mutumin da bai taɓa ganin Gurara ba.

An taɓa yunƙurin yashe kogin. A Satumban 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin a Lakwaja, na tsawon kilomita 572 daga Warri zuwa Baro, don jiragen ruwa su riƙa hawowa. Baro ba sabon wuri ba ne, tun zamanin Turawa nan ne jirgin ruwa ke haɗuwa da layin dogon da ya tafi Kano. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a can. Sai dai yasa ba aikin sau ɗaya ba ne. Ko rijiyar gida in ka yashe ta bana, baɗi sai ka sake. Muddin ƙasa na ci gaba da zubowa daga sama, abin da aka kwashe zai dawo. 'Yan uwanmu na Yamai ma kukan da suke yi kenan, yashi yana cike kogin a gabansu, kuma a garin ne hedikwatar hukumar ƙasashe tara masu amfani da Kogin Neja take.

Masu ɗibar yashi fa?

Wani zai ce, to ai tifofin da ke kwasar yashi zuwa gine-ginen Abuja taimako suke yi. Wani lokaci haka ne, wani lokaci akasin haka. In an ɗiba a tsibirin tsakiyar kogi inda ya taru, an buɗe wa ruwa hanya. Amma mai tifa inda mota za ta iya shiga yake nema, wato bakin gaɓa da kusa da gada. In aka ƙwaƙule nan, gaɓa ta zube, gonar da ke kai ta bi ruwa, ƙafar gada ta fito fili. Ramukan da aka bari kuma su zama tarko ga yara masu wanka da dabbobi masu shan ruwa. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje da yawa, ba a ce a hana ba. A nuna musu inda za su ɗiba da inda ba za su taɓa ba.

Ina mafita?

Akwai ta gwamnati, akwai tamu. Ta gwamnati ita ce a riƙa auna zurfin madatsun nan lokaci-lokaci a kuma faɗa wa jama'a sakamakon, a mai da yasar kogi aikin kowace shekara, sabon dam kuma a yi masa ƙofofin ƙasa na wanke laka. Sin ta yi haka a dam ɗin Xiaolangdi, inda tun 2002 ake sakin ruwa da ƙarfi da gangan don ya tura laka zuwa teku.

Tamu kuma ita ce mafi araha, domin tare ƙasa a gona ya fi sauƙi a kan kwaso ta daga gindin dam. A ja kunya a gicciyen gangare. A bar ciyawa da itatuwa a bakin rafi kada a nome har gaɓa. A dasa jema ko gamba a bakin kwazazzabo tun yana ƙarami. A riƙa sauya mashayar dabbobi. Ba sai mun je nesa neman darasi ba: manoman Maraɗi da Damagaram sun dawo da miliyoyin itatuwa a gonakinsu ta hanyar barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma maimakon a sassabe su, a Tawa kuma ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata don su tare ruwa da ƙasa.

Ku kuma 'yan uwa na Kudu, kuna da murya fiye da yadda kuke zato. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da na kayan gwari da na direbobi, da sarakunan Hausawa na garuruwanku, duk suna zama da 'yan siyasa lokacin zaɓe. In an zo neman ƙuri'a, a sa maganar yasar Neja da Binuwai da ɗaga titin Koton Ƙarfe cikin buƙatu. Masu lodi kuma su riƙa sauraron sanarwar hukumar NIHSA mai lura da cikar koguna, musamman daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin da ruwan Neja da na Binuwai ke haɗuwa da ƙarfinsu a Lakwaja. Kafin a ɗora dabba a mota a waɗannan makonni, a buga waya a tambayi halin da hanya ke ciki.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.